Ranar da Muka Bar Dankali a Gona

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ana marka a Jos, kuma duk kwanakin nan talabijin ɗin falonmu bai huta ba. Gasar wasannin ƙasashen duniya ake yi. Jikana Sadiq, wanda yake jami'a, ya kafa kujera a gabansa kamar wanda aka ɗauka gadi. Ni kuma sanyi ya hana ni zaman tsakar gida, sai in yafa bargo in ɗauko faifan tsintar wake in zauna a gefe, wai ko zan ga kore da fari.

Ban gani ba. Na ga Turawa suna iyo ta ciki, suna iyo ta baya, sun fito sun sake faɗawa. Na ga doki yana rawa, wallahi doki, da mutum a kansa ya sha doguwar hula. Na ga maza uku da kwat sun shafe rabin awa suna surutu a kan gudun da bai kai ƙiftawar ido biyar ba. In kuwa aka ce ga namu za su fito, sai a sako tallar sabulu. Kafin a dawo an gama, sai dai ka tsinci sunan yaron a can ƙasan allo.

Jiya bayan la'asar Sadiq ya jefar da rimot a kan kujera.

"Hajiya, duk yawan mutanen ƙasar nan a ce ko tagulla ɗaya babu? Yawon buɗe ido kawai suka je!"

Na ce, "Rage murya, ba su jin ka."

"Ai ba sa ƙoƙari ne."

"Ka taɓa gudu daga Naraguta zuwa Gada Biyu, cikinka ba komai sai kunu?"

Ya yi dariya. "Ga keke a bakin titi, me zai sa in yi gudu?"

Ya san gwaggonsa, 'yata, ta taɓa gudu tana budurwa, amma bai san abin da gudun ya ci mana ba. Ruwa yana ta dukan kwano, masu kwat suna ta surutu, sai na ji wata damina ta dawo mini gaba ɗayanta, har da warinta.

Wajen shekara talatin ke nan. Muna zaune a Naraguta, a gidan da kakan maigidana ya gina tun zamanin haƙar kuza. Malam, maigidan nawa, tela ne, shagonsa a Gada Biyu. A shekarar nan mutane suka daina yanka yadi, sai faci da rage wuyan riga. Fetur ya yi wuya, kananzir ya ɓace, taki ma sai labari. Ƙanƙara ta sauko sau ɗaya ta yayyaga mana masara tun ba ta yi bunƙasa ba. Daga nan marka ta zauna. Sai a yi kwana huɗu ba a ga rana ba, gajimare ya sauko ya lulluɓe duwatsu, wanki ya yi ta tsami a kan igiya.

Da asuba nake tashi in yi faɗa da jiƙaƙƙen itace, in hura in hura har idona ya yi ja. Karin kumallo kunun tsamiya ne ba sukari. Da rana gwaten masara, yakuwa ta fi tsakin yawa, har in ka ɗaga ludayi kana ganin ƙasan tukunya. Da yamma abin da ya rage a ƙara masa ruwa. Yara shida ne, kuma sanyin Jos yana ƙara wa yunwa ƙarfi. Ƙananan sun koyi zama shiru a bakin murhu, wanda ya fi mini kukansu ciwo.

Duk begenmu yana kan abu ɗaya: dankalin Turawa da na shuka a gangaren da ke saman tafkin kuza. Ni na yi kunyoyin, ni na kwaso takin shanu a kaina daga garken Alhaji Tanimu, maƙwabcinmu mai fataucin shanu. In dankalin ya yi, mun haye har kaka.

Sai kuma yarinyar. 'Yar farina ce, don haka kun san ba zan rubuta sunanta ba. 'Yan makarantarsu dai Barewa suke ce mata. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban goye ta a gaban mutane ba, in aka yabe ta sai in kau da kai. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na tarar.

Gudun nata daga kai abinci ya samo asali. Ba mota, sai in ɗaure langar Malam a tsumma in miƙa mata, ta riƙe a hannun hagu ta zura. Malam ya ce gwaten yana isa Gada Biyu da sauran tururinsa. Wata rana Malam Dauda, malamin wasanni na makarantarsu, ya biyo ta a keke a hawan nan na hanya, ya kasa cim mata. Sau uku yana zuwa gidanmu kafin Malam ya amince, shi ma da sharaɗi: ba za ta sa guntun wandon nan ba. Da kansa ya ɗinka mata dogo, kore, har idon sawu.

Ta ci a Jos, ta ci a Legas. Ni ban taɓa gani ba. Ina uwar 'yar fari za ta je filin wasa ta tsaya tana kallo? Ran da aka faɗi sunanta a rediyo ina daka, ban ko sassauta taɓarya ba. Abin da na iya kawai shi ne in ce cikina yana ciwo, in juye mata rabona na gwate. Amma Allah ya sani, ba abin da nake so a duniya kamar in gan ta tana gudun nan sau ɗaya, da idona.

A tsakiyar markar nan aka ɗauke ta zuwa ƙasar Turawa. Bayan tafiyarta Malam Dauda ya kawo takarda. Lokacin ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, na karɓa na bi da yatsa na karanta da kaina: Asabar, ƙarfe uku na rana, za a nuna a talabijin.

A makon ne ganyen dankalina ya fara baƙi. Duk wanda ya yi noma a nan ya san cutar. Daga ganye take gangarawa ƙasa, in ba ka tono cikin mako ba sai ka tono ruwa. Sai gayya. To gayya a unguwarmu rana ɗaya gare ta. Juma'a tamu ce, Lahadi ta su Mama Rifkatu ce, maƙwabciyata ta gona, ita da danginta suna coci. Sauran kwanaki kowa yana nema. Saura Asabar.

Asabar ɗin ta waye tas, kamar an wanke sama. Mutum wajen ashirin suka zo. Maza suna gaba da fartanya suna buɗe kunya, mu mata muna baya da kwanduna muna tsinta. Ƙasa ja, mai sanyi, tana manne wa yatsu. Dankalin kuwa ya yi, masha Allah, wani kamar ƙwan agwagwa, wani ya fi. Muna tarawa tsibi-tsibi a fili, don wanda aka tono da damina ba a zuba shi a buhu da danshinsa, sai ya sha iska, lakar ta bushe, in ba haka ba ya ruɓe a cikin buhun. Na dafa ragowar tsakin da nake da shi duka, matar Alhaji ta aiko da ƙwaryar nono. Mama Rifkatu tana waƙa da yarensu, mazanmu suna amsa mata ba su san me suke cewa ba.

Bayan azahar aka gama tono. Saura a zuba a buhu a kwashe zuwa gida, aikin awa biyu. Ta gabas kuwa, bayan duwatsu, wani hadari ya fara ɗaga kai.

Malam ya dube shi ya ce, "Jama'a, a kawo buhuna. Ya sha iska haka."

Malam Dauda, wanda shi ma ya zo gayyar, ya duba agogonsa. "Uku saura kwata fa."

Na sunkuya ina kakkaɓe kwandon da ba komai a cikinsa. Mama Rifkatu ta dafa ƙugu, ta yi magana da Hausarta mai mayar da mace namiji.

"Oga tela, ka duba matarka. Tun safe ya duba rana sau goma. Shi ba zai faɗa ba, ni zan faɗa. Mu je mu ga yarinya!"

"Rifkatu, hadari fa."

"Hadarin yana Bauchi tukuna. Malam Dauda, gudun minti nawa?"

"Rabin awa da 'yan kai. Zagaye ashirin da biyar ne."

Malam ya juyo gare ni. "Ke me kika ce? Dankalinki ne."

Na san hadarin Jos. Na san wanda yake wucewa da wanda yake zuwa, kuma wannan mai zuwa ne. Amma na yi lissafi: rabin awa, mu dawo da gudu, za mu riga shi. Na ce, ban ɗago kai ba, "Ni ban ce komai ba. Sai dai mutane sun gaji, ya kamata su ɗan huta."

Haka muka bar dankali a fili muka ɗunguma gidan Alhaji Tanimu, don shi kaɗai ke da talabijin mai kala a unguwar. Mutum ashirin da laka har gwiwa. Matarsa ta naɗe darduma da sauri ta shimfiɗa tabarmi. Na zauna can baya kusa da ƙofa, kamar wadda aka tilasta.

Ƙarfe uku ta yi. Aka nuno wani ƙato yana ɗaga ƙarfe, ya yar, ya yi ihu. Aka nuno wani. Uku da rabi, tallar dunƙulen miya, wata mata tana murmushi a kan tukunya cike da nama, mu da muka ci gwate. Sai hoton ya ɗauke, aka sa allo mai cewa a yi haƙuri, da kiɗan kalangu. Da ya dawo, masu kwat ne. Wallahi ina ganin kakannin waɗannan na yanzu ne, zamansu ɗaya, dariyarsu ɗaya.

Alhaji ya ce, "Malam Dauda, ko dai ka karanta takardar a juye?"

"Alhaji, haka suka rubuto. Ba ni na riƙe na'urar ba."

Aka yi la'asar kashi-kashi, don kada a fara ba kowa. Ɗakin ya yi duhu. Iska ta fara kaɗa labule, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Malam ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ni ina jin kowace tsawa, amma ban tashi ba.

Sai wajen huɗu da rabi Malam Dauda ya yi tsalle. "Ga su nan! Ga su nan!"

'Yan mata ne a jere. Mai ɗaukar hoto yana bin fuskokinsu, ya tsaya a kan wannan ta ɗaga hannu, ya tsaya a kan waccan. Yana matsowa ƙarshen layi, na hango gefen wani abu kore, sai ya juya ya nuno wani Bature a cikin 'yan kallo yana cin burodi. Aka harba bindiga, suka zuba.

Daga nan na gane yadda abin yake. Na'urar nan ba ta san kowa ba sai na gaba. Mutum biyar, shida, su take bi, sauran kamar ba uwa ce ta haife su ba. Ko na gaban ma ba a bar mu da su ba. Ana cikin gudu sai a tafi wurin wani mai tsalle da sanda, ya kayar da karan, a sake nuna mana yadda ya kayar a hankali, ya je ya zauna, a nuna mana yana shan ruwa.

Ɗigon farko ya faɗo a kan kwano kamar tsakuwa. Malam ya ce, "Ruwa!" Ya fita da gudu, maza huɗu suka bi shi. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dube ni. Na ga ya dube ni. Na mayar da idona kan talabijin.

Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ba ma jin muryar Baturen da ke bayani, hoton yana rawa, Alhaji yana bubbuga akwatin ta gefe. Ina zaune ina ganin gonata a cikin kaina, ruwa yana bin kwarin kunyoyi yana gangarawa. Na ce a raina in ƙirga zagaye uku, in ba ta fito ba in tashi. Na ƙirga uku. Na ƙara uku.

Sai ga dogon wando kore ya cika allon.

Ita ce. Ita kaɗai a gaba, duk sauran suna bayanta. Ta rame, bakinta a buɗe, kuma hannun hagun nan a lanƙwashe a jikinta kamar tana riƙe da langar babanta. Mama Rifkatu ta callara guɗa. Ɗakin ya ɗauka, "Ta wuce su! Ta ɗaya! Ta ɗaya!" Alhaji ya cire hula yana kaɗawa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ji wata murya tana kiran sunanta, sunanta na yanka, sau uku, har ta fi ruwan ƙara. Sai da na ga kowa ya waiwayo sannan na gane tawa ce.

Mama Rifkatu ta riƙe baki. "Yau ga abu! Ashe ka san sunansa, Maman yara?"

Ban samu damar jin kunya ba, don a allon na bayan sun iso ta. Ta farko ta gota ta, ta biyu, ta uku, ba ko wahala, kamar mota tana wuce mai tafiya a ƙasa. Na'urar ta bi su. Koren ya zame ta gefe ya fita.

"Za ta kamo su," in ji Alhaji. "Dabara ce. Numfashi take ajiyewa."

Malam Dauda kuwa tun ɗazu bai yi ihu ba. Kansa a ƙasa. Ya ce a hankali, "Alhaji, ba gaba take ba. Zagayo ta suka yi. Sun riga ta da zagaye guda cur, shi ne suka sake tarar da ita ta baya."

Duk ganin da na yi mata bai kai a karanta Fatiha ba. Na tsaya har ƙarshe ko za su dawo kanta. Ba su dawo ba. Suka nuna wadda ta ci ta yafa tuta, suka nuna uwarta a cikin 'yan kallo tana kuka, suka sake nuna uwar a hankali. Ita uwa ce. Mu da ke Naraguta duwatsu ne.

Da muka isa gona, Malam yana tsaye cikin ruwa har ƙauri, ya tare kwari da buhu yana kama abin da zai iya. Tsibin da ke ƙasa duk sun gangara tafkin kuza, wanda ba mai shigarsa don ba a san zurfinsa ba. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na fi jin daɗi. Muna cikin lalube a laka ya matso ya ce, "Kin gan ta?"

"An nuna ta."

"Wandon bai yage ba?"

"Bai yage ba."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da lalube.

Abin da muka kwaso bai kai rabi ba, kuma jiƙe sharkaf. Muka baza shi a ɗaki, a zaure, har ƙarƙashin gado. Rana ta yi kwana tara ba ta leƙo ba. Wanda bai taɓa jin warin ruɓaɓɓen dankali ba, Allah kada ya nuna masa. Yana shiga tufafi, yana shiga kunu. Kullum da safe in zauna da wuƙa da daro biyu ina tsincewa, mai kyau nan, wanda ya fara taɓuwa in yanke rabin a dafa a ranar. Na sayarwa babu. Muka koma gwate, yakuwar ta ƙara yawa, har aka shiga kaka muna jan ciki. A unguwa kuwa na zama abin tsokana. In na wuce famfo sai wata ta ce, "Wane suna ma kika ce?"

Bayan mako biyu ta dawo, ita kaɗai, a motar haya daga Legas, da 'yar jakarta. Ba wanda ya rako ta. Ta gaida babanta, ta shigo ta tarar da ni a kan daro. Warin ya gaya mata komai, ƙannenta suka ƙarasa mata sauran. Ta ɗauko wata wuƙa ta zauna a gefena.

Muka yi ta yanka. Sannan ta fara, idonta a kan dankali. Wai manyan da suka raka su sun fi masu gudun yawa, kuma ranar gudun kasuwa suka tafi. Wai takalmin ana gobe aka ba ta, ya matse ta, farcenta biyu suka fita. Wai waɗanda suka wuce ta shekara huɗu suka yi suna shiri, da likitansu, da mai dafa musu abinci. Ita mako uku aka tara su.

"Inna, na zo ta ƙarshe. Kin yi asarar dankalinki a banza."

Ban iya lallashi ba, ban saba da ita a haka ba. Na jefa wani ruɓaɓɓe a daro na ce, "Da ba su zagayo ki ba, da ban gan ki ba."

Sai ta goge hanci da bayan hannu ta ce, "Ai sau biyu suka zagaye ni."

Na ajiye wuƙar.

"Sau biyu?"

"Sau biyu, Inna."

Na ce, "Ka ji mini 'yan banza. To na biyun don me ba su nuna mana ba?"